Gwiwata ta ƙi miƙewa, ɗori zan kai ta ko asibiti?

Habu Na Fadama: Salamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema. Satin da ya wuce muna kwasar shinkafa a gonar Yaya can wajen Kura, na ɗauko buhu a ka, ƙafata ta dama ta nutse a taɓo har idon sawu, sai wani yaro ya kira ni ta baya na juyo gaba ɗaya alhali ƙafar tana maƙale, kawai na ji ƙas a cikin gwiwar. Ban faɗi ba, har na ƙarasa da buhun bakin hanya na ci gaba da aiki, sai washegari na tashi na ga ta kumbura suntum. Yanzu kumburin ya ɗan saɓe amma ƙafar ta ƙi miƙewa sosai, in na zo miƙe ta sai in ji wani abu ya tokare daga ciki, a ɗan lanƙwashe nake tafiya. Sujada ma da ƙyar. Me kuka gani?

Isiya Mai Caji: Wa alaikumus salam. Subhanallah, sannu Habu, shi ya sa kwana biyu ba ka kawo caji ba. Allah ya ƙara sauƙi.

Kawu Ila: Targaɗe ne wannan ɗana, ba wani abu ba. Ka sa a kai ka wajen mai ɗori da sassafe kafin rana ta yi, ya ja ta ya mayar da jijiyar gurbinta ya shafa maka magani. Mu duk haka muka taso, wa ya san wani asibitin ƙashi a da.

Ɗan Barsa: Kawu da girmanka amma wannan ba targaɗe ba ne wlh, irin ciwon ƴan ƙwallo ne. Ina Sani Fisiyo? a taɓo shi ya zo ya yi mana bayani

Maman Ihsan: Sannu Habu. Ka samu man zafi a murza maka da daddare sannan a gasa da ruwan zafi, mu shi muke yi wa Inna.

Sani Fisiyo: Salam jama'a, yanzu na fito daga wajen aiki na ga saƙonnin. Habu sannu da jiki. Kafin in ce komai amsa min waɗannan. Ina ne daidai yake maka ciwo in ka danna da yatsa, gefen ciki ko na waje? Kumburin nan take ya taso ko sai da ka kwana? Ƙafar tana zille maka in kana tafiya kamar za ka durƙushe? Akwai zazzaɓi ko gwiwar ta yi zafi rau ta yi ja?

Habu Na Fadama: Gefen ciki ne Dakta, daidai ɗan ramin nan da ke tsakanin ƙasusuwan biyu, in na danna har tsakar kaina nake ji. Kumburi sai da na kwana. Ba zazzaɓi. Ba ta zille min, ƙin miƙewar ne kawai, wani lokacin in na ɗan karkaɗa ta sai ta yi ƙara ta ɗan saki sannan ta koma.

Sani Fisiyo: To. Ba a yanke hukunci a waya, sai an kama ƙafar da hannu an gwada, amma duk abin da ka lissafa ya fi kama da yagewar guringuntsin gwiwa, wanda likitoci ke kira meniskos. Bari in ɗan yi bayani don kowa ya amfana. Tsakanin ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri Allah ya shimfiɗa wasu guringuntsi guda 2 a kowace gwiwa, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, kowanne a lanƙwashe, gefensa na waje da kauri na ciki siriri. Aikinsu aikin gammo ne, su ke raba nauyin jiki don kada ƙashi ya riƙa dukan ƙashi. To in ƙafa tana kafe a ƙasa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ga kaya a ka, sannan mutum ya murɗa jikinsa, sai ƙashin cinya ya matse shi ya murza, shi ke nan ya yage. Na ciki ya fi yawan yagewa saboda ya fi ɗaurewa a wuri ɗaya, ba ya iya gocewa ya kauce wa matsin kamar na waje. Kuma kumburinsa yakan taso a hankali zuwa washegari, saɓanin in babbar jijiyar tsakiyar gwiwa ce ta tsinke, ita cikin ƴan awanni gwiwa take cika da jini.

Sani Fisiyo: Abin da ya fi ɗaga min hankali a maganarka shi ne ƙin miƙewar. Wani lokaci ciwo da kumburi ne kawai ke hana mutum miƙewa, wannan da sauƙi. Amma wani lokaci ɓangaren da ya yage ne yake naɗewa ya faɗa tsakiyar gaɓar ya tokare ta, ana ce wa irin wannan yagewar mai hannun bokiti. In ita ce, ba a zama da ita a gida, kuma ba a jan ta da ƙarfi.

Kawu Ila: Ikon Allah. To Sani kana nufin duk masu ɗorin nan da suka gada kaka da kakanni ba su san abin da suke yi ba kenan? Ni da idona na ga wanda mota ta karya wa cinya, a asibiti aka ce sai an sa ƙarfe, aka dawo da shi gida aka ɗora, yau yana nan yana noma.

Sani Fisiyo: Kawu Allah ya ja da ranka, ban ce haka ba. Ƙashi yana da jini sosai, in aka daidaita shi aka hana shi motsi yana haɗewa da kansa. Shi wannan ba ƙashi ba ne, kuma ba gocewa ya yi ba balle a mayar da shi. Jini ma bakinsa na waje kawai yake kaiwa, abin da bai wuce kashi 1 cikin 3 ba, sauran na ciki fari ne fat ba jini, shi ya sa in ya yage daga ciki ba ya haɗewa ko shekara aka yi ana ɗaure da kara. Abin da ɗaurin zai jawo shi ne gwiwa ta sandare cinya ta rame.

Nura Ɗan Sarkin Ɗori: Bari in sa baki tunda sana'ar gidanmu ake magana. Gaskiya Kawu, Baba ma da kansa in aka kawo masa gwiwa ya lalube ta ya ji ƙashi lafiya lau, ƙoƙon gwiwa yana wurinsa, ba ya ja. Cewa yake wannan ciwon cikin gaɓa ne, ku je a ɗauki hoto. Masu ja da ƙarfi su danne mutum su huɗu yana ihu yawanci waɗanda suka shigo sana'ar ne da rana tsaka, su ba sa iya cewa wannan ba nawa ba ne saboda kar a ce sun gaza. Karaya da targaɗen idon sawu a kawo mana, wannan kam a'a.

Isiya Mai Caji: Kai Nura Allah ya yi maka albarka, ba kowa ke faɗar haka a kan sana'arsa ba

Kawu Ila: To shi ke nan tunda ɗan gidan ya faɗa. Amma ko ƙaho a yi masa a zuƙe mataccen jinin, ko a ɗan tsaga a sa magani.

Sani Fisiyo: Kawu wannan kam ina roƙo a bar shi. Ruwan da ke kumbura gwiwa a cikin jakar gaɓa yake, ƙaho ba ya kai wa can. Tsaga kuma a kan gaɓa hanya ce ake buɗe wa ƙwayoyin cuta, in ruɓa ta shiga cikin gwiwa cikin ƴan kwanaki take cinye santsin ƙashin, wannan ya fi yagewar muni nesa ba kusa ba. Shi ya sa na tambaye shi zazzaɓi tun farko. Duk wanda gwiwarsa ta kumbura ta yi zafi ga zazzaɓi ga ba ya iya taka ta, ranar nan asibiti, ba gobe ba.

Malam Bala Na Asibitin Sha Ka Tafi: Ina goyon bayan Sani. Ni abin da na fi gani a wajenmu ma ba ɗori ba ne, maganin kemis ne. Mutum zai je a yi masa haɗi a leda, diklofenak da ibufurofen tare, alhali ɗan gida ɗaya ne, a ƙara masa da ƴar ƙaramar ƙwayar nan deksa, ya sha da safe cikinsa ba komai ya tafi gona. Ciwo ya lafa ya ce ya warke, ya ci gaba da murza gwiwar. Bayan wata biyu ya zo mana da gyambon ciki ko fuska ta kumbura. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da mace mai ciki duk su yi hattara da waɗannan, farasitamol ya fi musu lafiya. Taramol kuwa kar ma a fara.

Maman Ihsan: Dakta man zafin da na ce fa, laifi ne?

Sani Fisiyo: Ba laifi ba ne Anti, lokaci gare shi. Kwana 2 zuwa 3 na farko sanyi ake so, zafi da murza suna ƙara kumburi. A sayi piya wata mai ƙanƙara wajen masu firij, a naɗe a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a rana, kar a ɗora ƙanƙara kai tsaye a fata. A naɗa bandeji ba tamau ba, in an kwanta a ɗora ƙafar a kan matashi ta ɗara ƙirji tsayi. In kumburi ya wuce, ɗumi yana taimaka wa gwiwar da ta sandare, musamman ta tsofaffi.

Habu Na Fadama: To Dakta yanzu hoto zan je in ɗauka a Kura?

Sani Fisiyo: Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna guringuntsin nan ko kaɗan, ƙashi kawai yake nunawa. Yana da amfani don a tabbatar ba tsagewar ƙashi, amma da yawa sai a ce musu hoto ya fito lafiya lau su koma gida da murna alhali ciwon yana nan. Wanda ke nuna shi shi ne MRI, kuma da tsada, don haka kar ka je ka yi shi da kanka. Ka fara zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano likitan ƙashi ya kwantar da kai ya lanƙwasa ƙafar ya juya ta ya ji inda take ƙara, shi zai ce a yi ko kar a yi. Ka samu sanda ka riƙa dogarawa kafin nan, ka bar tsugunno da ɗaukar kaya da buga kik ɗin babur da wannan ƙafar.

Ɗan Barsa: Ai na faɗa muku ciwon ƴan ƙwallo ne. Habu kwantar da hankalinka aiki ne na ƴan mintina, Suarez an yi masa a watan Mayu 2014 ko wata bai cika ba ya zura wa Ingila ƙwallo 2 a kofin duniya na Brazil

Auwalu Madrid: Kai kuma ka faɗi na Ansu Fati mana tunda ɗanku ne. Nuwamba 2020 ya ji irin wannan ciwon a wasan Betis, aka yi ta shiga da shi tiyata, sai Satumba 2021 ya dawo, kuma har yau bai koma yadda yake ba. Wai magajin Messi hhhh

Ɗan Barsa: Kai dai hassada ce ke cin ka

Sani Fisiyo: Ku biyun duk kun yi gaskiya, aiki iri biyu ne shi ya sa. Duka ta ƴan ƙananan huji guda biyu ake yi, a zura kyamara ta ɗaya, kayan aiki ta ɗayan, ba farke gwiwa ake yi ba. Na farko a datse ɓangaren da ya yage a fitar, shi ne irin na Suarez, mutum yana taka ƙafa da wuri, cikin sati 4 zuwa 6 ya koma harkokinsa. Amma abin da aka cire ba ya tsirowa, kuma gwargwadon abin da aka rage gwargwadon yadda ƙashi zai riƙa cin ɗan uwansa, shekaru suna tafiya sai amosanin gaɓa ya zo da wuri. Tun 1948 wani likitan Ingila mai suna Fairbank ya nuna yadda gaɓar ke lalacewa a hoton waɗanda aka cire wa shi gaba ɗaya. Na biyu a ɗinke shi, shi aka fara yi wa Ansu. Wannan yana son haƙuri, sanduna da takalmin gwiwa na makonni, wata 3 zuwa 6 kafin a koma aiki mai nauyi, kuma wani lokacin ɗinkin ba ya kamawa sai an sake shiga. Duk da haka ga matashi kamar Habu in dai yagewar ta wajen da jini yake ce, ɗinkin likitoci suka fi so, don gwiwar nan zai yi noma da ita shekara arba'in nan gaba in Allah ya ba da rai. Kuma ɗinki ya fi yiwuwa in an je da wuri, in aka daɗe ana takawa a kai gutsuren yakan ragargaje ya zama ba abin ɗinkawa.

Yaya Sabo: Na karanta duka. Habu ka shirya jibi in Allah ya kai mu bayan asuba zan kai ka Dala, ragowar shinkafar yara za su ƙarasa. Kuma kar in ƙara ganin ka a kan babur.

Habu Na Fadama: To Yaya. Na gode jama'a Allah ya bar zumunci.

Alhaji Ɗanlami Dillali: Sani ni ma bari in shigo da tawa. Shekarata 58, ba faɗuwa na yi ba ba komai ba, kawai na tashi daga tsugunno a kasuwar Kwanar Gafan ina duba kwandon tumatir na ji gwiwa ta ɗauka. Ɗana ya kai ni birni aka yi MRI ɗin nan takarda ta ce akwai yagewa. Tun ranar ban da sukuni, ina ta tara kuɗin aiki. Kenan ni ma in hanzarta?

Sani Fisiyo: Alhaji ranka ya daɗe naka daban ne da na Habu. Tana kullewa ta ƙi miƙewa?

Alhaji Ɗanlami Dillali: A'a tana miƙewa sarai, ciwo ne dai in na daɗe a tsaye ko zan hau mota, da zaman tahiya.

Sani Fisiyo: To kar ka yi gaggawar sayar da komai. Daga shekara 40 zuwa sama guringuntsin nan yana bushewa ya yi rauni, ɗan tsugunno ma sai ya tsage. A Amurka an taɓa ɗaukar MRI na gwiwar mutane kusan 1,000 masu shekara 50 zuwa 90 ba tare da an zaɓi masu ciwo ba, aka buga sakamakon a 2008, an samu yagewa a da yawa daga cikinsu, kuma wajen 6 cikin 10 na masu yagewar ba abin da ke damun su a gwiwar. Wato ganin yagewa a takarda ba shi ke nuna ita ce ke sa ka ciwo ba, sau da yawa farkon amosani ne. A ƙasar Finland kuma a 2013 an raba masu irin naka su 146 gida biyu, wasu aka datse musu, wasu aka shiga da kyamara kawai aka fito ba a datse komai ba kuma ba su sani ba, bayan shekara ɗaya sauƙin da suka samu duk ɗaya. A Norway ma a 2016 an gwada motsa jiki na sati 12 da tiyata, bayan shekara 2 ba wani bambanci a sauƙin, masu motsa jikin ma cinyarsu ta fi ƙarfi a watannin farko. Don haka ka koma wa likitanka ka ce a tura ka sashen gashin ƙashi tukuna, a ba shi wata 3. In ta fara kullewa ko an yi hakan ba sauƙi, sai a sake zama.

Kawu Ila: Au! Ashe dai su ma likitocin yanka mutane suke yi a banza, ka ga maganata ta fito

Malam Bala Na Asibitin Sha Ka Tafi: Kawu ai su ne suka binciki kansu da kansu suka buga wa duniya, ba wani ne ya tona musu ba. Kuma na tsofaffi aka ce, ban da gwiwar da ta kulle.

Maman Ihsan: Dakta to wane irin motsa jiki ne? Inna ma kamar na Alhaji ne nata, ita da an ce asibiti sai ta ce a bar ta sanyi ne. Gara wanda za ta yi a ɗaki.

Sani Fisiyo: Anti ki zaunar da ita a kan tabarma ta jingina da bango ta miƙe ƙafa. Ki naɗe ɗankwali ki sa a ƙarƙashin gwiwar, ki ce ta danne shi da bayan gwiwa, ki ɗora hannunki a cinyarta sama da ƙoƙon gwiwa kaɗan, za ki ji naman ya ɗaure, to shi muke nema. Ta riƙe ku ƙirga biyar ta saki, sau 10. Bayan nan ta kwanta rigingine, lafiyayyar ƙafar a lanƙwashe, mai ciwon a miƙe sambal, ta ɗaga ta kamar taƙi ɗaya daga ƙasa ta sauke a hankali, ita ma sau 10. Sai ta riƙa jan dunduniya a kan tabarma zuwa wajen mazaunai tana mayarwa. Safe da yamma. In ta saba sai a ƙara da tashi da zama daga kujera mai ɗan tsayi ba tare da dafa gwiwa ba. Ɗan ciwo kaɗan ba komai, amma in ta wayi gari gwiwar ta ƙara kumbura an yi yawa, a rage. Alhaji kai kuma keke ya fi maka komai, ka ɗaga sirdin sama yadda ƙafa za ta kusa miƙewa in feda ta sauka, sannan a ɗan rage tuwon dare don duk nauyin da ya ƙaru gwiwa ce ke ɗauka.

Alhaji Ɗanlami Dillali: Hhhh yaron nan tumbina ka gano kenan. To na ji.

Maman Ihsan: Matsalar Inna ba ta yarda ta yi salla a kujera, wai lada zai ragu, sai ta yi sujada ta kasa tashi sai an kama ta

Malam Liman Ƙarami: Ki gaya mata addini bai ɗora mata haka ba. Hadisin Imrana ɗan Husaini yana cikin Buhari, Annabi SAW ya umarce shi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Abin da take iyawa ta yi shi yadda yake, in tana iya tsayuwa da ruku'u ta yi su, sujadar da ta gagara ta zauna ta yi nuni. Mai larura ladansa cikakke ne in sha Allah. In ta ƙi ji daga bakinki zan biyo bayan la'asar in gaya mata da kaina.

Maman Ihsan: Allah ya gafarta Malam ka biyo ɗin, naka za ta fi ji. Saura kuma bayi, tsugunnon masai shi ya fi wahalar da ita, har rage shan ruwa take yi don kar ta yawaita shiga.

Sani Fisiyo: Wannan kar a bari, rage ruwa wata cutar zai jawo. Tsugunno har ƙasa shi ya fi komai matse bayan guringuntsin. A yi mata kujerar katako mai huji a tsakiya a ɗora a kan bakin masan, da abin dafawa a gefe.

Mudi Kafinta: Wannan ai aikina ne, ina da ragowar katako mai kauri, Anti ki turo Ihsan gobe da kuɗin ƙusa kawai. Dakta tsayin nawa zan yi?

Sani Fisiyo: Ka auna ta tana tsaye daga ƙasa zuwa lanƙwasar bayan gwiwarta ka ƙara yatsa huɗu a kai. Ƙafafun ka buɗa su waje kaɗan don kar ta yi rawa a kan dandamalin, kuma ka goge bakin hujin sosai da sanfefa.